"A Yi Haƙuri, Matsalar Sabis Ce": Wajibcin Faɗin Gaskiya A Lokacin Jinkiri

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), wanda tun kafin a aiko shi mutanensa suka yi masa laƙabi da Amintacce, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ya ke 'yar'uwa musulma, nasiharmu ta wannan fitowa a kan wata magana ce da kunnenki ya saba da ita, ko a Gummi kike, ko Anka, ko Bukkuyum. Maganar ita ce, "a yi haƙuri, matsalar sabis ce." Kin ji ta a bakin mai POS, kin ji ta a banki, kin karanta ta a saƙon waya. Abin da nake so mu duba shi ne: idan kamfanin da ke riƙe da kuɗinmu ko layinmu ya samu jinkiri a na'urorinsa, me shari'a ta ɗora masa ya gaya mana? Kuma mu da muke tuhumar su, yaya namu alkawarin yake?

ABIN DA YA JAWO WANNAN RUBUTU

A watan Oktoban 2024, wata ɗalibata a ajin matan aure ta tsaya bayan an tashi daga karatu, idonta ya yi ja. Maigidanta yana neman abinci a Kudu, ya turo mata naira dubu 40 ta waya, na maganin yaro da na cefane. An cire kuɗin daga asusunsa, ya ga alat da idonsa, ita kuwa ba ta ga ko kwabo ba. Ta aiki ƙaninta wajen mai POS ya fi sau biyar. Mijin ya tuntuɓi bankin, aka ce masa nan da awa 24 komai zai daidaita. Awa 24 ta wuce, aka sake cewa awa 24. A kwana na huɗu ma'aikacin ya ce masa ai su a wajensu kuɗi sun tafi.

To, wannan kalma ita ta kunna wutar. Miji ya fara tunanin ko ta karɓa ta miƙa wa 'yan gidansu. Uwar miji ta sa baki. Ita kuma baiwar Allah ta ci bashi a maƙwabta ta sayi magani, tana kwana da kuka. Sai a rana ta tara kuɗin suka koma asusun mijin, ba tare da wani bayani ba. Kuɗi dai sun dawo, amma magana zarar bunu ce, abin da aka faɗa mata a waɗannan kwanaki bai koma bakin masu faɗa ba. Tambayar da ta yi min ita ce: "Malama, alhakina a wuyan wa yake?"

Daga baya muka fahimci cewa a wancan lokacin wasu manyan bankunan ƙasar nan suna canza babbar manhajar da ke riƙe da lissafin asusun mutane, wato kamar mai tashi daga tsohon gida zuwa sabo yana kwashe kaya ɗaki bayan ɗaki. Aikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka sanar, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta ja kunnen bankuna a kan wahalar da jama'a ke sha. Da ma'aikacin nan ya ce wa mijin, "muna canza na'ura, kuɗin mutane da yawa sun maƙale, naka yana ciki, bai shiga hannun matarka ba," da gidan nan ya kwana lafiya.

JINKIRI IRI BIYU NE

'Yar'uwa, mu yi adalci tukuna. Manhaja aikin ɗan Adam ce, kuma aikin ɗan Adam ba ya rasa tangarɗa. A ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duk duniya na kusan awa shida. A ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma sun lalace, bankuna da kamfanonin waya a Najeriya suka shiga matsala. Irin wannan ba wanda ya fi ƙarfinsa, kuma shari'a ba ta kama mutum da abin da ya fi ƙarfinsa. A aya ta 280 ta Suratul Baƙara Allah (SWT) ya umurci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Amma akwai jinkiri na biyu, na wanda yake da ikon biya ya ƙi, yana ta ja wa mai haƙƙi rai. Wannan Manzon Allah (SAW) ya kira shi zalunci, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (RA). To, ta yaya mai kuɗi zai gane wane iri ne ya same shi? Ba shi da wata hanya sai bayani. Idan kamfani ya yi shiru, ko ya riƙa maimaita alkawarin da ya san ba zai cika ba, to shi da kansa ya fitar da kansa daga sahun masu uzuri. Uzurin da ba a faɗa ba, ba ya wanke mai shi.

MA'AUNIN DA MANZON ALLAH (SAW) YA AJIYE A KASUWA

Imamu Muslim ya ruwaito cewa wata rana Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci da ya tara shi tsibi. Ya cusa hannunsa mai albarka a ciki, sai yatsunsa suka ji danshi. Da ya tambaya, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sa'annan ya bayyana cewa mai algushu ba ya tare da shi.

Ki lura da kyau, 'yar'uwa. Ba a zargi mutumin nan don ruwa ya jiƙa masa kaya ba, ruwa na Allah ne. Ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙen ba. Laifinsa guda ɗaya ne: ya sa busasshe a sama, ya binne aibin a ƙasa. Kamfanin da ke tallar cewa manhajarsa tana aiki dare da rana, alhali ya san yau kwana uku tana haɗiye kuɗin mutane, kuma yana ci gaba da karɓar sabbin tiransifa ba tare da gargaɗi ba, shi da mai tsibin abincin nan ba su da maraba.

A wani hadisin na Hakim ɗan Hizam (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya rataya albarkar ciniki a kan abu biyu, gaskiya da bayyanawa, ya kuma rataya gushewar albarkar a kan ƙarya da ɓoyewa. Wato rashin yin ƙarya kaɗai bai isa ba. Mutum zai iya rufe bakinsa bai yi ƙarya ko ɗaya ba, amma shirun nasa ya cuci abokin ciniki.

Sai maganar wa'adi. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya iso Madina, ya tarar mutane suna biyan kuɗin dabino tun kafin ya nuna, a kawo musu bayan shekara ɗaya ko biyu. Bai hana ba, amma ya sharɗanta a san mudu, a san nauyi, a san lokacin da za a kawo, kamar yadda Ibn Abbas (RA) ya ruwaito. Haka nan aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ambaton wa'adinsa ta sauka. Katin da kika sa a waya, da datar da kika saya, da kuɗin da kika ajiye a banki, duk ke kika fara bayarwa, su ne ake bi. Saboda haka "nan ba da jimawa ba" ba wa'adi ba ne a ma'aunin shari'a.

MU A NAN MUN ƊANƊANA

Mu mutanen yammacin Zamfara ba sai an ba mu labarin zama cikin duhu ba. A farkon Satumban 2021, bisa buƙatar gwamnatin jiha a zamanin Gwamna Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umurci kamfanonin waya su rufe sabis a duk faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ambata. An buɗe wa Gusau a farkon Oktoba, sauran sassan jiha kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka sanar da buɗewa. Wannan hukuncin gwamnati ne ba na kamfani ba, kuma an yi shi ne da niyyar kare rayuka. Amma duk wadda ta rayu a lokacin za ta shaida cewa abin da ya fi rashin wayar ciwo shi ne rashin sanin ranar da za ta dawo. Mai miji a nesa ba ta san ko ta jira ko ta aika ɗan saƙo a mota ba.

Sa'annan ga canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoban 2022, ya sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar ƙarshe, daga baya ya ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsabar kuɗi ta ɓace, jama'a suka koma tiransifa gaba ɗaya, manhajojin bankuna suka kasa ɗaukar nauyin. A yankin da rassan banki ba su da yawa, kuma hanyar zuwa Gusau ko Sakkwato ba kullum take biyuwa cikin kwanciyar hankali ba, mata nawa ne suka tsaya gaban mai shinkafa an cire musu kuɗi, shi kuma yana rantsuwa bai gani ba? Jiharmu ta Zamfara tana cikin jihohi uku na farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai ƙara Kotun Ƙoli. A hukuncin ranar 3 ga Maris 2023, cikin abin da kotun ta kama har da cewa ba a ba jama'a isasshiyar sanarwa ba. Ashe ko a dokar ƙasa, sanar da mutane haƙƙi ne, ba alfarma ba ce.

TO, ME YA WAJABA SU FAƊA?

Wata za ta ce, Malama, ai kamfani yana da sirrinsa. Haka ne. Ba a ce ya tona yadda yake tsare na'urorinsa daga ɓarayin intanet ba, ba a kuma ce ya fallasa asusun wani ga wani ba, wannan ma cin amana ne. Ƙa'idar malaman fiƙihu a babin aibin kaya mai sauƙi ce: duk abin da da mai saye ya san shi zai fasa ko ya canza shawara, to ɓoye shi haramun ne. A bisa wannan, abubuwa biyar ne nake ganin sun hau kansu:

1. Su faɗa tun da wuri. Gyaran da aka shirya shi, a sanar kafin a fara, domin mai mara lafiya ta cire abin da za ta riƙe a hannu.

2. Su faɗi abin da ya faru da harshen da jama'a ke ji. Saƙon Turanci a shafin intanet bai isar wa tsohuwar da ke ƙauyen Bukkuyum da komai ba. Akwai rediyo, akwai saƙon waya da Hausa.

3. Su faɗi inda kuɗin suke. Mai turawa da wanda aka tura wa duka su san cewa kuɗi sun maƙale a tsakani, domin kada zargi ya shiga.

4. Su faɗi wa'adi na gaskiya. Idan ba su san ranar ba, su ce ba su sani ba, amma ga ranar da za su sake yin bayani. Imamu Malik, wanda ake tafiyar watanni domin a yi masa tambaya, ya sha amsawa da "ban sani ba", kuma hakan bai rage masa daraja ba.

5. Idan wa'adi ya saɓa, su dawo su faɗa da bakinsu, su ba da haƙuri, su biya wanda ya yi asara.

Kuma wannan ba mafarki ba ne. Bayan ɗaukewar WhatsApp ta 2021, kamfanin ya fito ya ce kuskure ne daga ma'aikatansa wajen saita na'urori, ba hari aka kai masa ba. A nan gida kuma, a shekarar 2025 hukumar NCC ta umurci kamfanonin waya su riƙa sanar da jama'a idan sabis ya samu babbar matsala, su faɗi dalili da wuraren da abin ya shafa da lokacin da suke sa ran gyarawa, su ba da sanarwar mako guda kafin gyaran da suka shirya, su kuma rama wa masu layi idan ɗaukewar ta wuce awa 24. Abin da hukuma ta rubuta a takarda jiya, shi Manzon Allah (SAW) ya koyar a kasuwar Madina fiye da shekara 1,400 da suka wuce.

NEMAN HAƘƘI BA RASHIN HAƘURI BA NE

Da yawa daga cikinmu idan kuɗi suka maƙale sai mu ce "na bar wa Allah." Yafiya alheri ce, amma kuɗin marayu, ko na adashi, ko na cefanen gida, ba naki ba ne balle ki yafe. Ki karɓi rasit a wajen mai POS ko da an ce ciniki bai yi ba, ki adana shi. Kada ki goge alat. Ki rubuta rana da adadi. Ke ko maigida ku kai ƙorafi banki, ku nemi lambar shaidar ƙorafin. A tsakiyar shekarar 2020 Babban Banki ya sa wa bankuna wa'adin awa 72 su warware kuɗin da suka maƙale ta POS, kuma a tsarinsa, idan banki ya yi mako biyu bai share miki hawaye ba, ana iya ɗaukaka ƙorafi zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin. Matsalar layin waya kuwa, hukumar NCC tana da lambar kira kyauta, 622. Abu ɗaya kawai: duk wanda ya kira ki ya ce daga banki yake, ki ba shi lambar sirrinki ya sakar miki kuɗi, ɓarawo ne. Sun fi yin farauta a irin wannan lokaci na ruɗani.

Ina kuma roƙon ki karanta wa maigida wannan sashe cikin ladabi. A aya ta 12 ta Suratul Hujurat Allah (SWT) ya hane mu da yawan zato, ya sanar da mu cewa wani zaton zunubi ne. Alat ɗin da ya nuna an cire kuɗi ba hujja ba ce cewa sun shiga hannun wancan. Kafin a tuhumi mata, ko ɗan aike, ko yaron POS da ke neman halalinsa, a bincika. Amsar da na ba ɗalibata ke nan: wanda ya ɓoye bayani yana da kasonsa na alhaki, wanda ya yi zargi ba bincike shi ma yana da nasa.

LAIFI TUDU NE

Yanzu kuma, 'yar'uwa, mu sauko daga kan bankuna mu dubi tudun da muke takawa. Ke mai ɗinki, da kika karɓi atamfa ashirin ana saura kwana goma Sallah alhali kin san goma ce iyakar ƙarfinki, kullum aka aiko yaro ki ce "gobe insha Allah", me ya raba ki da mai cewa awa 24? Ke uwar adashi, da kika taɓa kuɗin kwasar wata kika ce mata "ba a gama zubi ba", fa? Ke mai sayar da turare da atamfa ta WhatsApp, da kika karɓi kuɗi kayan ba su ma baro Kano ba, kika ce "suna mota"? Mu malaman Islamiyya ma ban cire mu ba, da muke karɓar kuɗin littafi ko na walimar sauka a yi ta ɗaga rana ba tare da an tara iyaye an yi musu bayani ba.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne yadda muka mayar da "insha Allah" mafakar saɓa alkawari. A ayoyi na 23 da 24 na Suratul Kahfi, Allah (SWT) ya koyar da AnnabinSa ya riƙa jingina abin da zai yi gobe ga nufin Allah. Kalma ce ta wanda ya ƙudurta zai yi, yana neman taimakon Ubangijinsa. Wadda ta furta ta alhali a zuciyarta ta san ba za ta yi ba, ta haɗa ƙarya biyu, ta kuma sa sunan Allah a tsakani. Har ta kai yaranmu idan muka ce musu "insha Allah" sai su ce, "a'a Umma, ki dai faɗi gaskiya." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ki tuna alamomin munafuki guda uku da suka zo a hadisi: ƙarya a zance, saɓa alkawari, da cin amana. Ki kuma tuna Allah ya yabi Annabi Isma'ila (AS) a Suratu Maryam da cika alkawari, ya kuma sanar da mu a Suratul Isra'i cewa alkawari abin tambaya ne ranar ƙiyama.

Maganin ba shi da tsada. Tun ranar da kika ga ba za ki iya cikawa ba, ki aika ko ki kira: "Wance, wuta ba ta samu ba, ɗinkinki ba zai kai ranar Laraba ba, sai Asabar. In kina so ki karɓi kayanki ki kai wani wuri, ban riƙe ki ba." Za ta ji haushi na minti biyar, amma kin ba ta zaɓi, kin kuɓuta a wajen Allah, kuma wallahi ita za ta kawo miki wasu. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Saboda haka ina ba kowace 'yar'uwa aikin gida kafin fitowa ta gaba. Ki zauna ki lissafa mutanen da ke jiran wani abu daga gare ki, kuɗi ne, ko kaya, ko amsa. Duk wanda wa'adinsa ya wuce, ki neme shi a wannan makon ki gaya masa gaskiyar inda aka kwana. A tarukanmu na ƙungiya kuma, shugabanni su ware lokaci a koya wa mata adana rasit da hanyar kai ƙorafi, musamman waɗanda ba su yi boko ba.

Allah Ya sa mu cikin masu gaskiya, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya shiryi shugabanninmu da 'yan kasuwarmu. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Anka da Gummi da Bukkuyum da Zamfara da Najeriya baki ɗaya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, Allah Ya yafe mana.